Asaimen ɗin tarihin harshe: ta yaya ake gane kalmar gado da ta aro, kuma me ya haɗa mu da dokar Grimm?

Yar_Jekadafari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka riga mu yin kwas ɗin tarihin harshe na aji uku ku taimaka mana. Malam ya raba aikin gida biyu, na farko karatu ne, babi uku na wani littafin Turanci kan yadda ake kwatanta harsuna da kuma hendawut kan dokar Grimm da ta Klingenheben, ya ce tes daga ciki zai fito. Na biyu kowa ya zaɓi yare ɗaya na Gombe ko Bauchi ya tattaro kalma 100 na jerin Swadesh, wato jerin kalmomin yau da kullum da masanin harshe Morris Swadesh ya tsara, daga bakin mai yaren, ya jera su gefe da gefe da Hausa, sannan ya ware na gado daban, na aro daban, da waɗanda kama ce kawai ta haɗa su. Ni Bolanci na ɗauka saboda dangin kakata ta wajen uwa Bolewa ne kuma har yanzu tana ji sosai. Tambayata biyu ce. Idan na ga kalma iri ɗaya a Hausa da Bolanci, kamar ido da su ma suke cewa ido, ta ina zan san gado ne ba daga Hausa suka ara ba? Sannan tsakani da Allah me Latin da Jamusanci za su amfana mana mu da muke sashen Hausa, rabin karatun duk a kansu ne.

Dan_Bolari:
Wa alaikumus salam. Wannan tambayar ta biyun ni ma ita ke cina wlh, shafi kusan talatin ana ta pater da father, ko sau ɗaya ba a ambaci Afirka ba. Ga tsadar fotokwafi.

MalamNaKumo:
Ƙanwata sannu da ƙoƙari. Na yi kwas ɗin nan da daɗewa, yanzu ina koyar da Hausa a sakandare, kuma ina gaya miki kar ki raina wannan babin. Ba wai ana so ki iya Latin ba ne, hanyar aikin ake nuna miki, kuma a can aka fara gwada ta shi ya sa misalan suke na can. A 1786 wani alƙalin Ingila a Indiya, William Jones, ya tsaya ya ce kamar da ke tsakanin Sanskirit da Girkanci da Latin ta fi ƙarfin a ce dace ne, dole uwa ɗaya suka fito. To amma faɗa daban, hujja daban. Abin da Jacob Grimm ya fitar a 1822 shi ne sauti ba ya canzawa barkatai, duk inda Latin ke da p a farkon kalma sai ki tarar da f a Turanci, pater da father, piscis da fish, haka t ta koma th, k ta koma h. Ba kalma ɗaya ba, jeri guda. To amsar tambayarki ta farko ke nan a cikin ta biyu, ba kama ake nema ba, sauti ake nema wanda yake amsa wani sautin a kalmomi da yawa ba tare da saɓawa ba.

Yar_Jekadafari:
Na gode Yaya. To ai kuwa na ga irin haka, Hausa huɗu wanda wasu ke cewa fuɗu, Goggo ta ce poɗɗo. Fita kuma ta ba ni wani abu mai farawa da pat. Ke nan in rubuta cewa p ta koma f a Hausa kamar dai na Grimm?

Bakatagumiya:
Ki rubuta cewa p ta Bolanci tana amsa f ta Hausa, wannan kam daidai ne kuma maki ne. Amma kar ki yi saurin cewa wane ne ya canza. Ki lura mu a Hausa ba mu bambanta p da f, wani ya ce fanka wani ya ce panka kuma ma'ana ɗaya ce, a Sakkwato ma hw za ki ji, hwaɗi maimakon faɗi. Harsuna biyu ba za su gaya miki abin da uwar ta ce ba, sai kin kawo na uku wanda yake da p daban f daban, kamar Ngizim na Potiskum, su huɗunsu da f take farawa. Shi ya sa masana suke ɗora tauraro a gaban kalmar da suka gino, alamar ba wanda ya taɓa jin ta da kunnensa, lissafi ne ya ba da ita. Ni yanzu ina digiri na biyu kuma wannan gurin ne ya fi kayar da ɗalibai a jarrabawa, gaggawar yanke hukunci daga yare biyu.

Abu_Huzaifa:
Ni fa duk wannan wahalar ban ga dalilinta ba. Hausa daga Larabci ta fito, kowa ya sani. Littafi, alƙalami, alƙali, Alhamis, Asabar, ashirin, talatin, duniya, lahira, sai ka ƙirga har gobe. Ga tarihin Bayajidda da ya zo daga Bagadaza. Turawa ne kawai ba sa so a danganta mu da Larabawa shi ya sa suka ƙirƙiro wani abu wai dangin Cadi.

Bappa_Dukku:
Malam Abu, in yawan kalmomin Larabci ne hujja to mu ma Fulfulde daga Larabci ta fito ke nan, da Barbarci da Suwahili da Farisanci duk. Mu littafi deftere muke cewa, shi ma daga Larabci ne. Addini da karatu da kasuwanci ne suka kawo su.

MalamNaKumo:
@Abu_Huzaifa ɗan uwa ka dubi jerin da ka kawo da kanka, duk kayan makaranta ne da shari'a da ranaku da addini. Ina ruwa, ina wuta, ina kai da ƙafa da ciki, ina ɗaya biyu uku? Dalilin da ya sa malam ya ce jerin Swadesh ke nan, kalmomi ne irin su hanta, ƙashi, toka, kwarkwata, ƙaho, jini, waɗanda mutum ba ya jiran baƙo ya zo ya koya masa sunansu. Kuma alƙali da alƙalami da Alhamis sun tona kansu, wannan al ɗin ai ta Larabci ce muka haɗiye ta tare da kalmar saboda a haka muka ji ta. Ashirin ma tsofaffi suna da gomiya biyu kafin ta zo. Batun Bayajidda kuma ko a cikin labarin kansa ai ya tarar da gari da sarauniya a Daura, ya roƙi tsohuwa ruwa ta ba shi labarin macijin rijiyar Kusugu, ke nan akwai mutane da harshensu kafin ya sauka.

Amma ban ce babu dangantaka ba fa. Akwai, sai dai ba ta uwa da 'ya ba ce, ta 'yan uwan nesa ce. Joseph Greenberg ne ya tsayar da wannan a shekarun 1950 ya kuma tattara shi a 1963, ya sa dangin Cadi cikin babban gidan Afiro-Asiya tare da Larabci da Ibrananci da harshen tsohuwar Masar da na Buzaye da su Somaliya. Ka ga kuwa Baturen haɗa mu ya yi da Larabci, ba rabawa ba.

Abu_Huzaifa:
To in 'yan uwa ne ina shaidar, tunda kun ce kalmomin da na kawo aro ne?

Bakatagumiya:
Shaidar tana cikin nahawu, inda aro ba ya shiga da sauƙi. Ka ce gidanka, gidanki, gidanku, Balarabe ya ce baituka, baituki, baitukum. Ya tafi ta tafi, shi kuma yaktubu taktubu, wannan t ɗin ta mace tana ko'ina a gidan. Ga ma ta farkon kalma, buɗe mabuɗi, karanta makaranta, su kuma miftah da maktab. A kalmomi kuwa kaɗan ne suka rage amma masu nauyi ne, mutu da maata, suna da ism, harshe ko halshe da lisan. Yanzu ka tambayi Yar_Jekadafari me kakarta ta ce wa waɗannan ukun.

Yar_Jekadafari:
Allahu akbar, suna ta ce sun, harshe ta ce lisim, mutuwa kuma tushen mot ne. Lisim ɗin ma ya fi namu kama da lisan.

Abu_Huzaifa:
Wannan na ji shi kuma abin dubawa ne. Amma ni har yanzu ina ganin tasirin Larabci a Hausa ya wuce a kira shi aro kawai, tunaninmu ma da shi muke yi, daga gaisuwa har rantsuwa. Zan ɗaga maganar a aji.

Bappa_Dukku:
Ga wani abu da zai taimaka wa masu neman misalin kashi na uku, wato kamar da ba ta da tushe. A Fulfulde in mutum ya rasu maayi muke cewa, kowa ya ji zai ce ai ga maata ga mutu. Amma ka ci gaba da jerin sai ka ga hanya ta rabu, huɗu nayi, ruwa ndiyam, ido yitere, harshe ɗemngal, suna innde, babu ko ɗaya da ya bi. Fulfulde danginta suna can Senegal, su Serer da Wolof. Duk da muna zaune gari ɗaya muna auratayya tun zamanin Buba Yero, harsunan ba gida ɗaya ba ne.

Dan_Bolari:
Bappa kai Fulfulde ka ɗauka a asaimen ɗin? Na zaci malam ya ce sai na dangin Cadi.

Bappa_Dukku:
A'a cewa ya yi duk wanda ake yi a jihohin biyu, in ba dangi ba ne ka nuna ba dangi ba ne, shi ma sakamako ne. Akwai wanda ya ɗauki Waja, wata ta ɗauki Jaranci.

Yar_Jekadafari:
Ni ma na sami irin na Bappa, ruwa a Bolanci amma ne, daidai da amma ɗinmu ta cikin magana, wadda kuma daga Larabci take. Furuci kusan ɗaya ma'ana ko kusa. Sai dai har yanzu ido ɗin nan ne bai warware min ba, ba wanda ya amsa shi kai tsaye.

MalamNaKumo:
Ido yana cikin waɗanda masu kwatanta harsunan Cadi suke lissafawa a gado, saboda ana samun danginsa a yarukan da suke nesa da Hausawa waɗanda ba su da hanyar arowa. Abin da za ki rubuta ke nan, ki nuna dalili uku, kalmar jiki ce, tana yaɗe a dangi, kuma sautukanta ba su saɓa wa sauran jerin ba. Wani abin mamakin shi ne kalmar da ta yi kama da yawa ita ta fi cancanta a tuhume ta, wadda ta ɗan kauce kuma bisa ƙa'ida ita ce ake fi amincewa da ita. Ki duba ci, a Bolanci ti ne, sha kuma sa. In daga Hausa suka ara ai da ci za su ce. Ki tambaye ta mai na miya ma, za ki ji mor, kuma Paul Newman ya nuna tsohuwar r ta rikiɗe ta koma y a Hausa tun da daɗewa, shi ya ba mu mai.

NaWunti:
Ni dokan Klingenheben ɗin nan ne ya ƙi shiga kaina, na karanta hendawut ɗin har na gaji, Turancin yayi nauyi kuma ba misali sosai. Wani ya min bayani da Hausa dan girman Allah, tes ɗin ya matso.

Bakatagumiya:
NaWunti ai ita ce ma mafi daɗi don a bakinka take. August Klingenheben Bajamushe ne, a ƙarshen shekarun 1920 ya lura cewa baƙin da ya zo ƙarshen gaɓa a Hausa yakan yi laushi. Kashi uku ne. 'Yan hanɗa wato k da g su koma u, shi ya sa muke da talaka amma talauci, asalinsa talakci. Ɓauna jam'inta ɓakane, ka ga k ɗin ta dawo da ta sami wasali a bayanta. 'Yan hanƙa irin su t su koma r mai karkarwa, farke jam'i fatake, ɓata ɓarna. Na uku 'yan leɓe b da f da m su ma su koma u, amma wannan bai kai ko'ina ba, shi ya sa Basakkwace yake cewa zamna, amre, abduga, sabka, mu kuma zauna, aure, auduga, sauka. Ke nan ba Sakkwatawa ne suka karkatar ba, su suka riƙe tsohon, mu ne muka canza.

Wanda na fi so kuma ina kyautata zaton zai fito a tes shi ne buzu da bugaje. Mutum zai ce me ya haɗa su, amma ka ɗauka asalin bugzu ne, a tilo g tana ƙarshen gaɓa sai ta narke ta bar dogon u, a jam'i kuma g ta tsira amma z ta haɗu da e ta koma j, kamar kaza kaji. Doka biyu a kalma ɗaya. Wannan shi ake kira ginowa daga cikin gida, ba ka buƙatar wani yare, Hausa kawai kake kwatantawa da kanta.

NaWunti:
Allah ya saka da alheri Anti, wlh yanzu na gane, da haka aka rubuta mana da tuni an wuce gurin. Kenan hanci da hantuna ma haka ne, asalin t ne?

Bakatagumiya:
Ƙwarai kuwa, ganɗantawa ke nan, t ta koma c a gaban i ko e, mota motoci, sata sace. Shi ne kuma ya haɗa ci ɗinmu da ti na Bolanci da Malam ya faɗa a sama. Ka lura kuma tebur da asibiti da tela ba su bi ba, wannan ma hanya ce ta gane baƙuwar kalma.

Dan_Bolari:
To ga shi an yi bayanin komai da misalan Hausa cikin minti biyar. Ai maganata ke nan tun farko, me zai hana a fara da wannan a bar Grimm ya zo daga baya ga mai so? Laburare kwafi ɗaya ne na littafin, mu fiye da aji guda muna layi, wanda ya samu ya ɗauka a waya ya turo, hotunan rabi ba sa karantuwa. Ba ƙin karatu muke ba, amma a ce ɗan Gombe ya san sunan Verner bai san Tangale da Bolanci dangin Hausa ba ne, akwai gyara a tsarin.

MalamNaKumo:
Rabin maganarka na yarda da ita, ya kamata a ce akwai littafin wannan fanni da Hausa mai misalan gida, kuma ku ne za ku rubuta shi in Allah ya so. Amma Verner da ka ambata kar ka tsallake shi. Dokar Grimm ta bar wasu kalmomi da suka ƙi bin ta, aka yi shekara hamsin da 'yan kai ana cewa togiya ce kawai, sai Karl Verner ya gano su ma suna da tasu ƙa'idar, ta danganta da inda nauyin furuci yake faɗawa a tsohuwar kalmar. Darasin shi ne in kalma ta ƙi bin jerinka kar ka share ta don tebur ɗinka ya yi kyau, ka ware ta ka ce ga ta nan. Ɗalibai da yawa suna ɓoye irin waɗannan kuma malamin da ya san aikinsa su yake nema.

Dan_Billiri:
Sannunku. Ni Batangale ne kuma yarena na ɗauka, na zaci zai zo min da sauƙi amma abin da na gani ya taɓa ni. Na zauna in cika jerin da kaina sai na ga wasu kalmomin Hausarsu ce take fara zuwa min, dole na je gida wurin Baba. Shawarata ga kowa kar ku tambayi matasa 'yan uwanku a hostal, ku nemi dattijo, in son samu ne tsohuwa wadda ba ta yi zaman birni ba. Kuma ku yi rikodin a waya da izininsu, don haruffan Hausa ba za su ishe ku ba, mu wasulanmu sun fi biyar ɗin Hausa kuma suna tafiya ne rukuni rukuni a cikin kalma, abin da ba a saba gani a dangin Cadi ba, masana suna danganta shi da daɗewar zama da maƙwabta irin su Waja da Tula waɗanda ba dangin Cadi ba ne. Herrmann Jungraithmayr ya yi ƙamus na Tangale, na ga kwafinsa a hannun wani dattijo a coci.

YarDeba:
Gaskiya ne batun tsofaffi. Wani abu kuma, in ka nuna hannunka ka ce mene ne wannan za a iya ce maka hannunka ko hannuna a haɗe, sai ka rubuta duka a matsayin kalma ɗaya. Ku riƙa tambaya ta hanya biyu ko uku. Ni Teranci nake yi kuma kamar da nake samu da Hausa ba ta kai ta masu Bolanci ba, har na fara tsoro ko ni ce ban iya ba.

Bakatagumiya:
YarDeba ba laifinki ba ne, haka ya kamata ya fito. Dangin Cadi sun kai yare 150, an kasa su reshe huɗu, na yamma, na tsakiya da ake kira Biu-Mandara, na gabas, da Masa. Hausa da Bolanci da Tangale da Karekare duk na yamma ne, Tera kuwa na tsakiya ne tare da su Bura da Margi, ke nan ta fi nisa duk da Deba tana nan kusa da mu. Kusancin gari ba shi ne kusancin harshe ba. Kuma kin yi sa'a, shi Newman ɗin a kan nahawun Tera ya yi digirinsa na uku, an buga a 1970, kafin nan shi da Roxana Ma sun fitar da kwatancen harsunan Cadi a 1966. Wanda ya fi kowa kusa da Hausa kuma Gwandara ne, can wajen Nasarawa da Abuja.

NaWunti:
Tunda an ce Sakkwatawa tsohon suka riƙe, mu fa Bausanci? Kullum ana mana dariya wai ba mu san mace da namiji ba, mu ce motan ya lalace, rigan yayi kyau. A makaranta ana ja mana jan biro.

MalamNaKumo:
A jarrabawar daidaitacciyar Hausa dole in ja maka biro ƙanena, don ita aka ce a rubuta. Amma a wannan kwas ɗin ba kuskure ba ne, canji ne, kuma abin nazari. Jinsi tsoho ne ƙwarai a gidan Afiro-Asiya kamar yadda aka nuna a sama, r ɗin da ke cikin rigar ma asalinta t ce ta mace, dokar Klingenheben ce ta taɓa ta. Karin Bauchi da na Zariya sun sassauta wannan bambancin, kuma da yawa suna ganin yana da alaƙa da yadda ɗimbin masu wasu yarukan suka koma Hausa a yankin. Ka tuna shi kansa Yakubun Bauchi Bageri ne, wato ɗan ƙabilar Gera.

Yar_Bogoro:
Wannan maganar ta ƙarshe ita ce ta fi damuna a kwas ɗin gaba ɗaya. Muna karanta yadda harsuna suka rayu suka rabu shekaru dubbai, alhali a gabanmu wasu suna ƙarewa. Jihar Bauchi cike take da su, Warji, Miya, Pa'a, Siri, Diri, Gera, Geruma, Galambu, Kirfi, Geji, Polci, Guruntum, namu Zaar da ake kira Sayanci. Na Ajawa ya riga ya tafi, jikokinsu Hausa kawai suke yi. Mu Zaar da sauƙi muna da yawa kuma Bernard Caron ya yi aiki a kai, Russell Schuh ma ya rubuta nahawun Miya, amma ƙananan fa? Ni ina ganin waɗannan jerin kalmomin da muke tarawa bai kamata su ƙare a ofishin malam bayan an ba da maki ba. A ce kowace shekara ana adana su da rikodin ɗin a sashe da sunan garin da shekarun wanda ya faɗa, bayan shekara goma ai an tara abin da ba a saya da kuɗi. Koelle, wani Bajamushe ɗan mishan a Firitawun ta Saliyo, haka ya yi, ya zauna da 'yantattun bayi yana tambayarsu kalmomi aka buga a 1854, har yau ana komawa gare shi.

Dan_Billiri:
Na goyi bayan wannan ɗari bisa ɗari. Kilas ref yana nan? A kai wa malam shawarar.

Kilas_Ref:
Ina nan ina bi. Zan faɗa masa in sha Allah. Sanarwa kuma, ya ce da hannu ko da kwamfuta duk ya karɓa amma tebur ɗin ya zama shafi huɗu a tsaye, ma'ana, Hausa, yaren da ka zaɓa, sai hukuncinka da dalili. Wanda ya kwafo jeri daga intanet bai je wurin mai yare ba zai gane, don zai nemi jin rikodin.

Ummu_Hanan:
Dan Allah batun aro, duk wanda ba gado ba sai mu rubuta Larabci ko Turanci? Kasuwa fa, a ina zan sa ta? Na san ba ta cikin ɗarin amma ya ce mu ƙara misali goma na aro a ƙarshe.

Bakatagumiya:
A'a Maman Hanan, hanyoyin sun fi haka. Kasuwa tushenta suƙ ne na Larabci amma ta Barno ta biyo, Barebari suka sa mata ka a gaba suka ce kasugu, mu muka karɓa daga gare su. Greenberg ya yi rubutu a 1960 kan wannan, ya kawo karatu da rubutu su ma ta hannun Barebari suka shigo, ga sarautu irin su galadima da ciroma da yarima. Raƙumi da takobi daga Buzaye, ashana daga Yarbawa. In kika haye Nijar kuma za ki ji lakwal a maimakon makarantar boko, daga Faransanci. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 zai taimake ki, yana sa alamar karin da kalma ta fito kamar Sakkwato ko Katsina, kuma yana intanet kyauta.

Dan_Bolari:
Saura lissafin nan na shafin ƙarshe, wai cikin kalma 100 harshe yana riƙe 86 bayan shekara 1000. In na ƙirga nawa suka zo ɗaya zan iya cewa ga shekarar da Hausa ta rabu da Karekare?

MalamNaKumo:
Ka san shi don tes, amma kar ka gina hukunci a kansa. Swadesh ya ɗauka duk harsuna gudu ɗaya suke canzawa, an zo an gwada an ga wasu suna sauri wasu suna nawa, musamman harshen kasuwa irin Hausa da ya sha cuɗanya. Ka ba da adadin da ka samu ka tsaya nan.

Abu_Huzaifa:
Ni dai ina nan kan cewa a ba Larabci babi guda a kwas ɗin, ajami kaɗai ya isa dalili, da shi aka fara rubuta Hausa kafin boko, kuma tsofaffin waƙoƙin malaman jihadi ai hujja ce ta yadda ake magana a wancan lokacin, me ya sa ba a sa su cikin abin karantawa ba?

Yar_Bogoro:
Wannan kam tambaya ce mai kyau, tunda su Turai da tsofaffin takardu suka yi nasu aikin.

Yar_Jekadafari:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Ran Asabar zan koma wurin Goggo da sauran kalmomin, akwai wajen ashirin da ta ce sai ta tambayi yayarta a Kwami don ta manta. Amma akwai guda da ban san inda zan sa ta ba, biyu a Bolanci bolou ne, b ɗin ta zo ɗaya amma sauran bai bi komai a jerina ba, uku kuma kunum. In sa su a gado ko in ware su gefe kamar yadda Yaya ya ce?

Bakatagumiya:
Ware su gefe tukuna ki rubuta dalili. Dan_Billiri da mai Karekare ku turo naku biyu da uku mu jera mu gani, har da rikodin ɗin in data ta bari.